A Ba Shi Rairayinsa Ko A Bar Shi A Teku

A tekun da ke kewaye da tsibiran Indonisiya akwai wani ɗan kifi wanda in magariba ta yi ba ya neman kogon dutse kamar sauran kifaye. Sai ya karkata, ya soka kai cikin rairayi, kafin ƙiftawar ido ya ɓace, ba a sake ganinsa sai gari ya waye. Haka kuma yakan yi in wani abu ya firgita shi da rana. Turawa suna kiransa ras mai launin rawaya, masana kuwa suna ce masa Halichoeres chrysus, sunan da masanin kifin nan na Amurka, John Randall, ya raɗa masa a 1981. Tsawonsa bai wuce santimita 12 ba, watau kusan inci biyar. Jikinsa ruwan ɗorawa ne shar, da ɗigon baƙi a fiffiken bayansa. Ana samunsa tun daga tsibirin Kirsimeti a tekun Indiya, har kudancin Japan da gabashin Ostareliya.

Kyawunsa ne ya jawo masa. A Amurka da Turai da Japan akwai mutane masu yawa da ke ajiye akwatin gilashi a ɗakunansu, su cika shi da ruwan gishiri, su dasa murjani mai rai, su zuba kifaye, don su kwaikwayi abin da ke ƙarƙashin teku. Wannan kiwo ba wasan yara ba ne. Dole gishirin ya kai kimanin giram 35 a kowace lita ta ruwa, zafin ruwan kuma ya tsaya wajen digiri 25, ga fitilu, ga injin tace ruwa da ba ya hutawa dare da rana. Ba mu ga laifin wanda ya ɗauki wannan wahala ba. Abin da muke so mu yi magana a kai shi ne yadda ake bi da wannan ɗan kifi in ya shiga hannu.

Da farko dai, mafi yawan masu sayensa ba don kyau kaɗai suke saye ba. Bara suke nema. Akwai waɗansu tsutsotsi masu faɗi da kan yaɗu a cikin akwati su lulluɓe murjani, da waɗansu ƙananan dodon-koɗi masu tsotsar manyan ƙumbar teku da ake kiwo. Shi kuwa ras yini yake yi yana kewaya duwatsu yana tsince irin waɗannan ƙwari, murjanin kansa kuma ba ya taɓa shi. Saboda haka da zarar mai akwati ya ga ɓarna, sai a ce masa ya je ya sayo ras. To, madalla. Amma ashe wanda ya ɗauki bara ba ya tanadar masa wurin kwana?

Nan ne maganar take. Daga cikin masu kiwon murjani akwai waɗanda suka fi son akwati mara rairayi, gilashi tsirara a ƙasa, domin ya fi sauƙin sharewa, kuma suna iya ƙara ƙarfin gudun ruwa ba tare da ƙura ta tashi ba. Hujjarsu ba ta banza ba ce, in dai murjani kaɗai ake dubawa. Sai dai wanda ya saka ras cikin irin wannan akwati ya hana shi abu ɗaya da halittarsa ba ta iya rabuwa da shi. Dare zai yi, kifin ya nufi ƙasa da ƙarfinsa kamar yadda ya saba, ya ci karo da gilashi. Ya sake, ya sake. Baki ya ƙuje, tsoro ya ƙi barinsa, cuta ta sami ƙofa. Waɗansu kuma sukan zuba tsakuwar murjani mai kaushi su ce ai sun sa rairayi, alhali kuwa wannan yankar fata take yi. Abin da kifin ke bukata rairayi ne mai laushi, mai zurfin aƙalla santimita biyar. Bai taka kara ya karya ba, kuɗinsa bai kai na fitila ɗaya ba.

Ko wanda ya zuba rairayin ma da sauransa. Sabon ras in an kawo shi yakan nutse ya yi kwanaki bai fito ba. Mai shi ya ƙagu, yana ganin kuɗinsa ya tafi a banza, sai ya sa hannu yana tono. Lalle wannan ganganci ne, kamar a tada mara lafiya daga barci a tambaye shi ko ya sami sauƙi. Kifin da aka ɗauko daga Indonisiya aka sauke a gabashin Amurka ya tsallake bambancin lokaci na wajen sa'a goma sha biyu, darensa ya zama rana. Masu kiwo sun lura cewa irinsa yakan ɗauki kwanaki kafin ya daidaita. Haƙuri kawai ake nema. Sai kuma murfi, domin ras gwanin tsalle ne, akwatin da aka bari a buɗe kuwa ƙarshensa a tsinci kifi a bushe a bayan kujera.

Bari mu ɗan ratse, don akwai abin mamaki. Kamar yawancin danginsa, waɗanda irinsu ya haura 600, ras yakan fara rayuwa a matsayin mace, in ya girma ya rinjayi sauran sai ya juya ya zama namiji. Wanda bai san haka ba zai sayo biyu yana murna, daga baya ya rasa dalilin faɗan da ya hana akwatinsa zaman lafiya.

Yanzu sai mu koma inda kifin ya fito, domin can ne nauyin ya fi girma. Kifayen ado na ruwan daɗi galibi a gona ake haifarsu. Na ruwan gishiri kuwa mafi yawansu daga teku ake kamo su, Indonisiya da Filifin ne kuma kan gaba wajen fitarwa. Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifi miliyan 20 zuwa 24 a shekara, daga iri 1,471. Tun cikin shekarun 1960 aka fara amfani da gubar sayanaid a Filifin. Mai nutso yakan fesa ta cikin ramukan murjani, kifi ya suma, a tsince shi kamar ɗanyen gyaɗa. Murjanin da gubar ta taɓa yakan mutu, kifin da aka kama ma sau da yawa ba ya daɗewa. Ƙasashen biyu sun haramta wannan aiki, amma teku da faɗi take, masu tsaro kuwa kaɗan ne. Duk wanda ya taɓa ganin tafkin da aka zuba wa gamalin ya san irin abin da muke nufi.

Ba mu ce kowane ras da guba aka kamo shi ba. Akwai masunta masu aiki da ƙaramar koma da hannu, kifinsu kuma ya fi rai. Wannan ne ya sa ba mu tare da masu cewa a rufe cinikin baki ɗaya. Masuncin da ke ƙauyen bakin teku a Sulawesi ko Bali da wannan sana'a yake ciyar da iyali, kuma shi ne ke samun mafi ƙanƙantar rabo daga kuɗin da aka biya a kantin Landan. In an hana shi, ba lalle ne abin da zai koma yi ya fi wannan sauƙi ga teku ba. Sai dai mun ga abin da rashin linzami ya yi wa wani ɗan kifi na tsibiran Banggai, wanda aka yi ta kwasa har a 2007 aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Hanyar haifar kifi a gona tana buɗewa sannu a hankali. Kifin nan mai ratsin fari da ruwan lemo wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa ya yi suna, an daɗe ana haifarsa a tanki. A 2015 kuma masu bincike a Hawai suka yi nasarar renon wani kifi rawaya da ake kira tang, bayan shekaru suna fama. Kafin irin wannan nasara ta game sauran kifaye, ragamar tana hannun mai saye. Shi ne zai tambayi mai kanti daga ina kifin ya zo, da me aka kama shi, kwana nawa ya yi a kanti, yana cin abinci ko ba ya ci. Mai kanti ba zai tambayi dillali ba sai an tambaye shi, dillali kuma ba zai ƙara wa mai koma farashi ba sai ya ga ana neman kifin koma.

Tambaya ta ƙarshe kuwa ba ta bukatar kowa ya amsa. Mai saye ya leƙa ƙasan akwatin da aka ajiye ras a kantin. In ya ga gilashi tsirara, ko ɗan kwanon rairayi ba a sa masa ba, ya mai da kuɗinsa aljihu ya nufi wani kanti.