Sunan Da Muke Kiran Gurgu Da Shi

In kana zaune a Legas ko Sabo ta Ibadan, kullum Turanci na shiga kunnenka, a asibiti da makarantar 'ya'yanka. Yau bari mu tono asalin kalmomin da Bature ke kiran gurgu da tsoho da su.

"Lame" ta fito daga tsohon Turanci "lama", saiwarta kuwa tana nufin abin da ya karye. "Cripple" 'yar'uwar "creep" ce, wato rarrafe. "Decrepit", da ake faɗa wa tsoho tukuf, daga Latin take, daga "crepare", ƙarar abu in yana tsagewa, kamar tsohuwar ƙofar katako. "Handicap" kuwa sunan wani wasan musaya ne a Ingila a ƙarni na 17, ma'anarsa hannu cikin hula. Daga baya ta shiga sukuwa, inda ake ɗora wa dokin da ya fi gudu ƙarin nauyi.

Ka ga ukun farko duk siffar lalacewa suke bayarwa. Shi ya sa yaran yanzu ke cewa "lame" ga duk abin banza, ko da abokinsu mai ɗingishi yana tsaye a wajen.

Mu ma muna da namu. Sunan "shan inna" ya samo asali ne daga imanin cewa wata aljana, Inna, ce ke shanye ƙafar yaro. Iyaye da yawa sun nufi wajen boka saboda haka, alhali ƙwayar cuta ce wadda ɗigon rigakafi ke karewa. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin nau'in cutar, amma har yanzu wajibi ne ka kai jaririnka rigakafi.

Tun Janairun 2019 Najeriya ke da dokar hana nuna wa nakasassu wariya, sai dai doka ba ta jin abin da ake faɗa a tsakar gida. Magana zarar bunu ce. In akwai yaro mai laluran ƙafa a gidanka, ka hana 'yan'uwansa kiransa "Gurgu". Ku kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.