KAMA DA WANE BA TA WANE: A DUBA KAFIN A ZUBA MAGANI

Idan aka ce da Bahaushe zuma, abu biyu ne ke faɗo masa a rai, watau zaƙi da harbi. Kalma guda ce ta haɗa ƙudan da abin da ya ke yi, saboda haka da wuya mutum ya yarda cewa akwai ƙudan zuman da ba ya yin zuma, ba shi da amya, ba shi da sarauniya, kuma bai damu da harbin kowa ba. Amma fa akwai shi, har ma irinsa ne suka fi yawa. Masana sun ƙidaya ire-iren ƙudan zuma wajen 20,000 a duniya, galibinsu kuwa kowace mace zaman kanta ta ke yi, yawancinsu kuma a cikin ƙasa su ke gina ɗakinsu. Labarin ɗaya daga cikinsu, wanda ya bazu a ƙasar Ingila, ya isa ya zama abin lura ga duk wanda hannunsa ke saurin kai wa gwangwanin maganin ƙwari.

Masana na kiran wannan ƙuda Colletes hederae. Sunan ya samo asali ne daga wani tsiro mai yaɗo da Turawa ke kira aibi, wanda ke hawa bango da itatuwa, ya kan kuma yi fure a ƙarshen shekara sa'ad da sauran furanni suka ƙare. Daga furensa ne ƙudan ke samun yawancin abincin 'ya'yansa. Abin mamaki shi ne, duk da yawan masana a Turai, sai a shekarar 1993 ne wasu Jamusawa biyu, Konrad Schmidt da Paul Westrich, suka tabbatar cewa iri ne mai zaman kansa. Kafin nan ana ganinsa ana ɗaukarsa a matsayin wasu 'yan'uwansa biyu da ya ke kama da su ƙwarai. Kama da wane ba ta wane. In har masana sun yi shekaru suna ruɗewa, ina ga mai gida da ya fito da safe ya tarar da ƙudaje sun rufe masa fili?

A shekarar 2001 aka fara ganinsa a Ingila, a yankin Doset da ke bakin teku ta kudu. Daga nan ya yi ta hawa arewa, ya shiga ƙasar Wales, a 2021 kuma aka gan shi a Ailan. Waɗanda suka bi sawun wannan tafiya ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Wata ƙungiyar masu lura da ƙudan zuma da rina da tururuwa, mai suna BWARS, ita ce ta roƙi jama'a duk wanda ya gan shi ya aiko da hoto da sunan wuri da kwanan wata. Masu lambu da 'yan makaranta da tsofaffin da suka yi ritaya suka yi ta aikowa, har aka zana taswirar yaɗuwarsa shekara bayan shekara.

To, yaya a ke gane shi? Da fari a dubi lokaci. Ba ya fitowa sai daga ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, zuwa Nuwamba kuma ya ɓace, sai wata shekara. Na biyu a dubi jiki. Macen ta kai kimanin rabin inci, watau kusan girman ƙudan zuman amya, namijin kuwa bai kai ta ba. Gadon bayansu na da gashi ja-ja kamar na jan akuya, cikinsu kuma baƙi ne da zane-zanen rawaya masu faɗi, a jere tsaf, sun fi na zuman amya fitowa sarai. Na uku a dubi wuri. Suna son ƙasa mai yashi, mai taushi, wadda ciyawa ba ta rufe ba, musamman gangaren da ke fuskantar kudu, domin a can ƙasar ta kudu rana ke bi. A nan za a ga ramuka birjik, faɗin kowane kamar na fensir, da ɗan tulin ƙasa a bakinsa. Wuri guda ya kan ɗauki dubban ramuka.

Wanda ya sami wuri ya zauna shiru da hantsi zai sha kallo. Maza ne ke fara fitowa, su yi ta shawagi dab da ƙasa, ɗaruruwansu, suna jiran mata. Da zarar mace ta leƙo sai su yi mata caa, su dunƙule a kanta kamar curin fura, har su gangaro tare. Wannan shawagi shi ne ke tsorata mutane, alhali kuwa namijin ƙudan zuma ba shi da ƙari ko kaɗan. Bayan haka mace ta kama aiki ita kaɗai. Ta gina rami, ta fitar da 'yan ɗakuna a ciki, ta shafe bangon kowane da wani ruwa daga jikinta wanda in ya bushe ya kan zama kamar leda, ruwa ba ya ratsa shi. Sa'an nan ta yi ta jigilar garin fure a gashin ƙafafunta na baya, ta kwaɓa shi da ruwan fure, ta saka ƙwai guda, ta rufe ɗakin. Ita ba za ta ga 'ya'yanta ba, sanyi zai kashe ta. Su kuwa suna ƙasa suna cin guzurin da ta bari har shekara ta zagayo.

Daga wannan bayani a fili ya ke cewa yawan ramuka ba runduna ba ce. Unguwa ce kurum, kowa da ƙofarsa, kowa da sha'aninsa. Zuman amya na kai hari ne domin yana da rumbu da sarauniya da zai tsare. Wannan kuwa ba ta da abin tsarewa sai raminta, kuma sai an matse ta a hannu ta ke harbi, harbin ma ba mai zafi ba ne sosai. Duk da haka kowace shekara a kan sami masu neman a zo a fesa musu magani, saboda tsoron kada a harbi yara.

Ba za a ce tsoron nan wauta ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin zuma ta tashi a ƙauye, ta kori mutane da dabbobi, ya san ba a wasa da ita, ga kuma mutanen da harbi guda ke kumbura su har a kai su asibiti. Amma maganin tsoro shi ne a rarrabe, kuma rarrabewar ba ta bukatar boko. Idan ƙofa guda ce ƙudaje da yawa ke shiga suna fita ta cikinta ba fashi, to, gida ne na taro, na zuma ko na rina, a ja da baya, a nemi wanda ya san aikin. Idan kuwa ramuka ne da yawa, kowane ƙuda na shiga nasa, to, masu zaman kansu ne. Sai a kewaye wurin, a hana yara tona shi, a yi haƙurin 'yan makonni, su da kansu za su tafi.

Shi wannan ƙuda na Turai ne, babu shi a Nijeriya. Amma masu gina rami irinsa suna nan a kowace nahiya da mutane ke noma, kuma suna cikin masu ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Mai lambun da ke shuka kabewa ko kankana a bakin rafi, ko a Legas ya ke ko a Ibadan, ya sani fure ba ya zama ɗa sai ƙwaro ya ziyarce shi. Idan ya ga ramuka a gefen kunya ya tuttula musu kananzir, ko ya yi feshi da rana tsaka furanni na buɗe, to, ma'aikatansa ya kora, waɗanda ba su taɓa neman lada ba. A ƙarshe ya ga 'ya'ya sun yi ƙaranci ya ɗora laifin a kan iri ko taki.

Abin da mutanen Ingila suka yi bai fi ƙarfin kowa ba. Ba su kashe kuɗi ba, tsayawa kurum suka yi suka duba, suka rubuta abin da suka gani. Ya kamata malaman makaranta su riƙa fita da yara bayan aji su nuna musu irin waɗannan ramuka, malaman gona kuma su riƙa haɗa wannan bayani da na feshi in sun je wurin manoma. Mai gida kuwa, kafin ya ɗauko gwangwani, ya ba wurin minti goma, ya tsuguna ya ƙirga ƙofofi. Gani ya kori ji.