Ba a Sayen Tagwaye a Kemis

Wata ranar kasuwa, wata baiwar Allah ta tsaya a tagar ba da magani ta asibitinmu a nan Birnin Gwari, ta kwance haɓar zanenta, ta ajiye mini fallen ƙwaya da saura biyu a jikinsa. Tambayarta ɗaya: ko muna da irinsa, domin na mai kemis ɗin ƙauyensu ya ƙare. Clomid ne. Wata tara ke nan tana sha, babu likitan da ya taɓa duba ta, kuma 'ya'yanta uku suna raye. Tagwaye take nema. Abokiyar zamanta ta haifi Hassan da Husaini, tun daga ranar suna kuwa hirar gidan ta koma kansu.

Ban ga laifinta sosai ba. Laifin yana wuyan wanda ya miƙa mata ƙwayar ya karɓi kuɗi, da 'yan'uwansa masu tallar "haɗin tagwaye" a Facebook da TikTok. Kasuwarsu tana ci ne saboda yawancinmu ba a taɓa zaunar da mu an gaya mana yadda tagwaye suke samuwa ba. To, mai karatu, bari mu zauna.

Tagwaye iri biyu ne. Na farko, waɗanda suka fi yawa a ƙasarmu, su ne 'yan ƙwai biyu. A al'ada mace ƙwai ɗaya take saki a wata; idan ta saki biyu, kowanne ya haɗu da nasa maniyyin, sai ciki ya zama na mutum biyu. Kowa da mabiyiyarsa, kowa da jakar ruwansa. Kamanninsu bai wuce na wa da ƙani ba, shi ya sa ake samun Hassan da Husaina, ko ɗaya fari ɗaya baƙi. Wannan irin ne ke bin jini, kuma ta wajen mace yake bi, tunda ita ke sakin ƙwan. Saboda haka, maigida, daina bugun ƙirji cewa tagwaye gadon gidanku ne. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka gadar wa 'yarka wannan hali. Yana kuma ƙaruwa ga macen da ta haura shekara 35 ko ta yi haihuwa da yawa. Garin Igbo-Ora na Jihar Oyo da irin waɗannan tagwayen ya yi suna a duniya.

Na biyu su ne 'yan ƙwai ɗaya. Ƙwai guda ne da maniyyi guda, sai halittar ta tsage gida biyu tun tana 'yar mitsitsiya. Su ne masu kama ɗaya sak, kuma jinsinsu ɗaya: ko maza biyu ko mata biyu. Yawansu kusan daidai yake ko'ina a duniya, wajen 3 zuwa 4 a cikin haihuwa 1,000. A nan ne maganar take da nauyi, domin ranar da aka tsage ita ke yanke yadda zaman cikin zai kasance. Idan a kwana ukun farko ne, kowa zai sami mabiyiyarsa da jakarsa. Tsakanin kwana 4 da 8, mabiyiya ɗaya za su raba, jaka kuwa kowa da tasa. Daga kwana 8 zuwa wajen 13, mabiyiya ɗaya, jaka ɗaya, har cibiyoyinsu na iya sarƙewa. Bayan nan tsagewar ba ta kammaluwa, sai a haife su a manne. Ba jifa ba ne, ba aikin kishiya ba ne, ba kuma wani abu uwar ta ci ba.

Yanzu duba inda ƙaryar mai talla take. Clomid magani ne na gaske, mai amfani, an yi shi ne domin macen da ƙwanta ba ya fita. Kwana biyar ake sha a farkon wata, bisa kulawar likita, kuma galibi ba a wuce zagaye shida. Gaskiya ne yana iya sa a saki ƙwai fiye da ɗaya, amma cikin mata 100 da suka sami ciki da shi, da kyar 10 suke samun tagwaye. Sauran fa? Wasu su tashi da kumburin ma'ajiyar ƙwai da ciwon mara, wasu da dishi-dishin gani. Ba ya buɗe hanyar ƙwai da ta toshe, ba ya gyara matsalar da ke wajen miji. Wadda kuwa ta riga ta ɗauki ciki, an gama ƙidaya. Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu zumar da za ta mai da ɗaya biyu. Wannan duk mai kemis bai faɗa, ko don bai sani ba, ko don faɗar za ta kashe ciniki. Ban san wanne ya fi muni ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake tallar cikin tagwaye kamar garaɓasa. Fiye da rabin tagwaye ana haifarsu ne kafin mako 37. Uwar tana cikin haɗarin ƙarancin jini, da hawan jinin ciki mai kaiwa ga jijjiga, da zubar jini bayan haihuwa, ga na biyun da kan juya ya kwanta a gicciye bayan na farko ya fito. Masu raba mabiyiya ɗaya kuma suna da tasu matsalar: jini na iya rinjaya wajen ɗaya, ya cika ya yi masa yawa, ɗan'uwansa ya tsumbure.

Wanda ke zaune kusa da Asibitin Barau Dikko a Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Shika yana iya ɗaukar wannan da sauƙi. Mu ba mu da wannan gatan. Daga nan zuwa Kaduna tafiyar sama da kilomita 100 ce ta cikin daji, kuma kowa ya san shekarun da aka yi mota ba ta bin hanyar Buruku sai da rakiya. An sami sauƙi tun sulhun ƙarshen 2024, alhamdu lillahi, amma har yau wane direba ne zai taso daga Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa da ƙarfe biyun dare da mace tana zubar da jini? Cikin tagwaye a gefen dajin Kamuku ba irin na Tudun Wada ba ne.

Don haka, 'yar'uwa, idan akwai tagwaye a danginku na wajen uwa, ko kin sha irin wannan ƙwaya, ko cikin ya fi watanninsa girma, ki nemi hoton ciki da wuri. Tsakanin mako 11 da 14 ne aka fi gane ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu, kuma ki yi wannan tambayar da bakinki, a rubuta miki amsar a katin awo. Ki riƙe maganin ƙarin jini. Kai kuma maigida, kuɗin ragunan suna biyu da kake tanadi, fara cire kuɗin mota da na jini daga ciki, ka nemo wanda zai ba da jini tun kafin ranar, ka kuma dawo da ita kusa da asibitin da ke iya tiyata tun watan haihuwa bai kama ba.

Ita baiwar Allahn nan ban ba ta maganin ba. Na riƙe fallen, na raka ta wajen likita. A hanya ne take gaya mini wata biyu ke nan idan ta kalli fitila sai ta ga ta rabu biyu.