An Gano Maganin Ƙwarin Wake Tuntuni, Mu Kuwa Har Yau Guba Muke Ci

Kaka ta ƙarato, kuma na san abin da za a yi, domin shi aka yi bara, shi aka yi bara waccan. Za a rore wake, a sussuke, a sheƙe, a baje shi a kan tamfol. Sai wani ya kawo kwalbar fiya-fiya ya yayyafa, a cuɗa da shebur, a ɗura a buhu a ɗinke. Wani kuma ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke kira bom zai ƙulle a tsumma ya cusa a tsakiyar buhu, ya jingine buhun a ɗakin da 'ya'yansa ke kwana. Wannan waken shi ne ƙosan da yaro zai karya kumallo da shi, shi ne alalar mai jego, shi ne garau-garau ɗin da ake tallansa a ƙofar makaranta. Ba ni da sunan da zan ba wannan aiki illa kisan mummuƙe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, matsalar da ake sa gubar dominta an riga an warware ta. Masana sun gama aikinsu a kanta tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu yayyafa fiya-fiyar.

Kowace uwar gida ta san ɓarnar ƙwarin wake. Tun a gona ƙwaron ke fara saka ƙwansa, tsutsar ta huda ƙwayar ta shige, ta ci ta ƙoshi, cikin wajen wata guda ta fito da fukafukai ta sake saka nata ƙwan. Kafin a yi wata uku ko huɗu, idan ka zura hannu a buhun sai ka ji shi da ɗumi, ka ɗebo gari da ƙwayoyi masu huji. Tsoron wannan ne ke sa manomi ya kai wakensa kasuwa da kaka, lokacin da ya fi arha, ya dawo da bazara ya sayi irin shuka da ɗan karen tsada. Tsoron nan kuma shi ne hujjar mai ajiya idan ya ɗauko guba.

Tun daga 1987 wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, ya fara aiki da masu binciken aikin gona na Kamaru a Marwa kan wannan ƙwaro. Sun gwada shanya wake a rana a kan baƙar leda a rufe shi da fara har zafi ya kashe tsutsar. Sun gwada cakuɗa shi da toka, dabarar da iyayenmu mata suka daɗe da sani, suka auna yawan tokar da ke aiki. Sannan suka kai ga buhu mai ruɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke ciki su za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa. Daga baya bincike ya nuna wani abu mai ban mamaki game da yadda suke mutuwa. Wannan ƙwaro ba ya shan ruwa, jikinsa ne ke samar masa da ruwa daga abincin da ya ci tare da iskar da ya shaƙa. Idan iska ta ƙare, ƙishirwa ce ke gamawa da shi. Babu ɗigon magani a cikin aikin. Ka buɗe buhun bayan wata shida ka ɗebi wake ka dafa a ranar.

A 2007 aka fara yaɗa wannan buhu da sunan PICS a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, da kuɗin Gidauniyar Gates. Masana a Maraɗi, irin su Ibrahim Baoua, sun sake gwada shi a yanayinmu suka tabbatar. A Kano ma an yi ta ƙera shi. Ba sirri ba ne, ba a ɓoye shi a wani ɗakin gwaji a Turai ba. An je ƙauyuka, an ɗaure buhu a gaban dagaci da jama'a, an dawo bayan watanni an kwance a gabansu.

To, sai me ya biyo baya? A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a jihar Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, gwaji kuma ya nuna akwai gamalin a ciki. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya, saboda sinadarin nan na fiya-fiya. Dokarsu ta yarda da miligiram 0.01 a kilo ɗaya, a namu waken an samu wanda ya kai 4.6, wato ninki 460. A 2016 suka ƙara wa'adin haramcin da shekara uku, a 2019 suka sake ƙarawa. Wannan fa ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake ke nan, Nijar na bin ta a baya. A 2018 hoton bidiyon 'yan kasuwa suna feshe wake da maganin ƙwari na Sniper ya karaɗe wayoyin mutane, aka yi hayaniya, aka fitar da gargaɗi, a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa. Aka yi shiru. Ku shiga kowace kasuwar ƙauye ranar ci ku ga ko za ku sha wahala kafin ku samu fiya-fiya.

Na bi maganganun manya a kan haramcin Turai, kuma abin da ya fi yawa a bakinsu shi ne asarar kuɗin waje da zubewar mutuncin ƙasa. Waken da Bature ya ƙi, wa ya ci shi? Mu muka ci, da mu da 'ya'yanmu, ba tare da wani ya auna mana ko mudu ɗaya ba. Turai na da mai tsaron ƙofa da ke gwada abin da zai shiga cikin mutanenta. Talakan Kura ko na Tasawa ba shi da kowa. Hanci ne kawai ma'auninsa, kuma idan warin ya lafa shi ke nan, sai tukunya.

Kada wani ya kawo mini tsohon uzurin nan na cewa manominmu ba ya karɓar sabon abu. Wannan ma bincike ya rushe shi tun da daɗewa. A ƙarshen shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka zauna da manoman wasu ƙauyukan Zariya suna ƙirga aikinsu da amfaninsu, suka gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da masu ilimin boko na lokacin ke ɗauka ci-baya ne, lissafi ne mai kyau na mutumin da ba shi da inda zai jingina idan damina ta ƙi. Manomi yana lissafi. Kuma da masana tattalin arziki suka bi sawun buhun nan mai ruɓi uku bayan 'yan shekaru, babban dalilin da waɗanda ba sa amfani da shi suka bayar shi ne ba sa samunsa a kusa da su lokacin da suke bukata. An nuna masa, ya gani, ya yarda, ya je kasuwa ya tarar babu. Amma mai fiya-fiya yana nan a bakin tasha da tirensa.

Buhun yana da nasa sharuɗɗan, ban musa ba. Ya fi buhun gama-gari tsada. Dole wake ya bushe sosai kafin a zuba. Ɓera na iya huda shi, kuma da ya huje aikinsa ya ƙare. Akwai kuma na jabu masu siririyar leda. Duk waɗannan abubuwa ne da malamin gona zai koyar a zama ɗaya a gindin bishiya. Sai dai ina malamin gonan? A 1975 aka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, daga baya kowace jiha ta samu nata. Dattawa sun tuna lokacin da malamin gona ke zuwa a kan babur, ya san gonar kowa da sunan mai ita. Da kuɗin Bankin Duniya ya ƙare, jihohi suka bar hukumomin suka bushe. Waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Yau jami'an gwamnati da bakinsu suke cewa malami ɗaya ne ga dubban manoma. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta ko kusanci hakan ba. Abin da ake warewa ma, yawancinsa a kan taki da taraktocin da za a jera a filin wasa a ɗauki hoto yake ƙarewa, domin a nan kwangila take. Koya wa mace a ƙauye yadda za ta ɗaure bakin leda ba ya kawo wa kowa kamisho.

Malaman jami'a ma ba zan ƙyale su ba, duk da ina girmama su, na kuma san halin da suke aiki a ciki: ɗakin gwaji babu wuta, albashi ba ya kai wata, yajin aiki ya cinye shekara. Amma tsarin da suka amince da shi na ƙarin girma, tsari ne da ke ƙirga takardun da mutum ya buga a mujallun Turanci, bai damu da ko wani mahaluki ya amfana ba. Malami zai yi shekara uku yana auna ragowar guba a waken kasuwanninmu, ya samu sakamako mai tayar da hankali, ya buga a mujallar da sai an biya dala kafin a karanta, ya zama farfesa. Matar da ke sayen waken ba za ta taɓa ji ba. Na sha ganin an naɗe ƙosai da shafin kundin digiri, da jadawalinsa da lambobinsa, mai ya jiƙa shi har ana ganin rubutun baya. Wani ɗalibi ne ya ci bashi ya yi wannan aiki, wani malami ya duba, wani kwamiti ya zauna ya ba shi maki. Iyakar tafiyarsa ke nan.

Cibiyar binciken noma ta Samaru ta faro ne tun 1922, ta haura shekara ɗari. A nan Zariya kuma akwai cibiyar da aikinta kacokan shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma. Akwai cibiyar binciken adana amfanin gona mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano. Cibiyar IITA ma na da tasha a Kano inda aka yi shekaru ana inganta irin wake. Duk waɗannan suna kewaye da Dawanau, kasuwar hatsin da ake cewa babu kamarta a Afirka ta Yamma. Tsakanin ofishin wasu daga cikin masanan nan da rumbunan da ake zuba guba, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a mota. Idan ilimi ya kasa ƙetare wannan 'yar tazara a cikin shekara talatin, ya kamata wani ya ji kunya, kuma ya kamata a kira shi ya yi bayani a gaban majalisa.

Ga manyan masu ajiya kuwa, waɗanda ke tara dubban buhuna su jira farashi ya hau, maganata da su gajeriya ce. Alhaji, kai ba jahilci ke damunka ba. Ka san abin da ke cikin kwalbar, shi ya sa kake ware na gidanka daban. Wannan algus ne mafi muni, domin wanda aka tauye wa mudu kuɗinsa kawai aka ci, wanda aka sa wa guba hantarsa da ƙodarsa aka taɓa. Ina jiran ranar da limamanmu za su hau mumbari da kaka su yi huɗuba a kan wannan, kamar yadda suke yi a kan ɓoye abinci da azumi.

'Yan jarida irina muna da namu kason. Gidajen rediyonmu na Hausa suna kaiwa lungun da babu jami'in gwamnatin da ya taɓa takawa, amma awa nawa muke ba sojojin baka na siyasa, minti nawa muke ba wanda zai bayyana yadda ƙwaro ke mutuwa a cikin leda? Masanin da ya iya bayani da Hausa yana nan a Samaru da Bayero da Maraɗi. Ba ma kiransa sai an kwashi mutane zuwa asibiti.

Yawancin abin da nake nema bai fi ƙarfin ko da gwamna ɗaya ba. Gwamnatocin jihohi suna cikin manyan masu sayen wake, don makarantun kwana da asibitoci da shirin ciyar da 'yan firamare. A rubuta a cikin kwangila cewa ba za a karɓi wake ba sai wanda aka adana ba tare da guba ba, kuma a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwajin jami'ar jihar kafin a biya ɗan kwangila. A sa rangwame a kan buhu mai ruɓi uku kamar yadda ake sa wa taki, a tabbatar ya isa shagunan ƙauye a watan Satumba, kafin a fara roro, ba a Janairu ba bayan an gama yayyafi. A kafa wurin gwaji a Dawanau, a riƙa karanta sakamakonsa a rediyo duk mako da Hausa, layi-layi, kowa ya ji. Hukumar TETFund, da ke ba malamai kuɗin bincike, ta sa sharaɗin cewa duk wanda ya karɓa sai ya koma wurin mutanen da ya yi binciken a kansu ya faɗa musu abin da ya gano da harshen da suke ji, ko kuwa kada ya sake samun ko sisi. Wanda kuma aka kama yana feshe abincin mutane a kai shi kotu, a ambaci sunansa da lambar rumbunsa, a ƙone waken a gaban 'yan kasuwa.