Waiwaye: Wace ce ta uku daga hagu?

Albam ɗin gidanmu a ƙasan akwatin Hajiya, mahaifiyarmu, yake kwana, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa sai da dalili. Bangonsa na roba ne, ya dafe, shafukansa kuma irin masu ledar nan da ake ɗagawa a manna hoto a mayar. Hotunan ciki ba su cika ɗari ba, amma su ne tarihin gidanmu na kusan shekara talatin. Ga Baba da babbar riga ya dafa rediyon situdiyo kamar shi ya saya. Ga Hajiya sabuwar dawowa daga Makka, tana murmushi don haƙorin ya fito. Ga mu yara a jere ranar Sallah, kwalli ya zubo, kowa ya ƙame kamar an hana shi numfashi.

Dole mu ƙame. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kowanne da kuɗinsa, wanda ya ƙifta ido kuwa ya ƙifta ke nan, sai bayan mako idan an wanko a ga ɓarnar da ya yi. Mai hoto yakan haɗo da dodon hoton, ya ce a adana ko za a so ƙari. Ban san gidan da ya taɓa adanawa ba. Mu dai mukan ɗaga shi a rana mu yi ta dariyar yadda fuskokinmu suka koma fari fat, haƙora baƙi ƙirin.

Sai wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ba a daɗe ba ta fito da kyamara a ƙeyarta, hoto ya zama kyauta kamar iska. Ranar sunan 'yata ta fari na ɗauki abin da ya ninka albam ɗin Hajiya sau uku, ban wanke ko ɗaya ba. Ana nan wata rana na sauka daga adaidaita sahu, na shafa aljihu na ji wayam. Da farko ban damu sosai ba, don a zatona komai yana ajiye a intanet. Da na duba sai na tarar rumbun nawa ya daɗe da cika. Tun watan Yunin 2021 Google ta daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, ta mayar da kowa cikin gigabait 15 ɗinsa. An yi ta aiko mini da sanarwa, ni kuma ina sharewa kamar talla. Laifin nawa ne ni kaɗai, kuma hotunan kusan shekara biyu suka bi wayar.

Ƙanena ne ya ce in gwada masu wanke hoto ta intanet. Ka shiga shafinsu ko manhajarsu, ka ɗora hotunan da kake so, ka zaɓi girman littafi da irin bango da takarda, mai sheƙi ko marar sheƙi, ka jera hotunan shafi-shafi, ka biya da katin banki. Su buga, su ɗinke, su aiko maka. Na ce masa wannan ai sabon salon 'yan zamani ne, mutum ya miƙa hotunan iyalinsa ga wanda bai taɓa gani ba. Daga baya na gane tsohon salo ne ya sake riga. A 1888, lokacin da George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak ta farko a Amurka, dala 25 ake sayenta da fim na hoto 100 a ciki. Idan ka cinye fim ɗin sai ka aika kyamarar ɗungurungum ta gidan waya zuwa birnin Rochester, ka haɗa da dala 10, su wanke, su ɗura sabon fim, su dawo maka da ita da hotunanka. Bambancinmu da su, mu ba ma rabuwa da kyamarar.

Na zaɓi wani kamfani a Legas, na ɗauki littafi mai shafi 40. Tun da wayar ta tafi, sai na bi 'yan'uwa ina roƙo, kowa ya turo mini hotunan ranar sunan da yake da su ta WhatsApp. A nan na fara sanin wahalar da waya ta ɗauke mana, wato zaɓe. Shafi 40 ba ya ɗaukar kowa. Hoto goma na abu ɗaya, dole tara su tafi. Dare uku ina wannan aiki, ina cire wannan ina mayar da wancan, har maiɗakina ta ce ko rabon gado ake yi ai ya isa a ce an gama. A gefen wasu hotunan manhajar takan ɗora wata 'yar alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku. Na ɗauka ado ce.

Bayan kwana goma sha wani abu direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. A nan bakin tasha na farke kwalin, don haƙurin kaiwa gida ya gagara. Bangon ya yi kyau ƙwarai. Ciki kuwa, innalillahi. Hoton da na shimfiɗa ya cika shafi guda, fuskar jaririya ta dagargaje kamar an zana ta da gero. A wani shafin an yanke wa surukina rabin hula. Hotunan da aka ɗauka cikin ɗaki duk sun yi duhu.

Na buga waya da zafina, wata yarinya mai sanyin murya ta bar ni na gama, sannan ta bi abin da ni dalla-dalla, ina ji ina ƙanƙancewa. Injin buga hoto yana son ɗigo 300 a kowane inci. Ƙaramin katin nan na inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1200 da 1800, shafi mai faɗin inci 12 kuwa sai 3600. WhatsApp yana matse hoto don ya rage wa mutane cin data, abin da yake alheri ne a waya, amma idan hoto ya bi hannu uku ko huɗu, wannan ya tura wa wancan, wani ma fuskar wayarsa ya ɗauka ya turo, to abin da ya iso gare ka inuwar hoton ce. Alamar nan da na ɗauka ado, gargaɗi ce. Maganar hula kuma, ana datse bakin kowane shafi da 'yan milimita bayan an buga, don haka ba a kai kan mutum gaɓar takarda. Duhu kuwa, fuskar waya fitila ce, tana haska hoto daga baya, takarda ba ta da wannan gata. Ta ce in nemi a turo mini hotunan a matsayin fayil, kamar yadda ake tura takardar ofis, za su iso da cikar su. Na yi godiya, na kashe waya, ban sake maganar a mayar mini da kuɗina ba.

Duk da haka na kai wa Hajiya littafin ranar Juma'a. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, kuma ba ta yabona a gabana. Ta sa tabarau, ta buɗe, ta bi shafukan a hankali. Dagargajewar da ta hana ni barci ko kallo ba ta ishe ta ba.

"Kai, wannan na kusa da liman wane ne?"

"Abokin aikina ne, Hajiya."

"To me ya hana ka rubuta? Ga fili nan a ƙasa. Ita yarinyar in ta girma wa zai gaya mata?"

Na ce ai ni na san shi. Ta dube ni ta saman tabarau ba ta ce komai ba, ta tashi ta buɗe akwati ta ɗauko tsohon albam. Ta buɗe wani hoto baƙi da fari na ranar bikinta, mata bakwai a jere a tsakar gida, kowacce da ɗaurin kallabi kamar za ta tashi sama. Ta fara nunawa tana faɗa: wannan ƙanwar kakarku ce, wannan kishiyarta, wannan ita ta yi mini lalle. Da ta zo kan ta uku daga hagu sai yatsanta ya tsaya. Ta kawo hoton kusa, ta mayar nesa.

"Daga dangin babanku take. Goggonku ce za ta sani."

Goggo kuwa ta cika shekara biyu a ƙasa. Shekara nawa tana zuwa gidan nan tana kwana, albam yana akwati, ba wanda ya taɓa cewa ta zauna ta faɗi sunaye, don kowa yana ganin akwai wanda ya sani. Ashe hoto ba ya riƙe suna da kansa. Mutum ne yake riƙe masa, ranar da mutumin ya tafi sai fuska ta zama ta baƙuwa ko da a tsakar gidanku aka ɗauke ta. Na je ne da ƙorafin ɗigo da inci, na dawo da abin da ya fi wannan nauyi.

Littafi na biyu wata uku ya ci. Na kai tsofaffin hotunan shagon kwamfuta aka yi musu sikanin a ɗigo 600, don ƙananan su iya girma ba tare da sun fashe ba. Kowace Juma'a bayan la'asar in zauna gaban Hajiya da biro da littafin rubutu, tana faɗa ina rubutawa: suna, dangantaka, gari. Shekara ce ke ba mu aiki, don Hajiya ba ta lissafi da lamba. Za ta ce shekarar da aka kashe Murtala, in rubuta 1976. Za ta ce shekarar da motoci suka koma hannun dama, in rubuta 1972. Idan ta ce shekarar canjin kuɗi sai in tambaya wanne, na fam da sule da ya koma naira a 1973, ko na zamanin Buhari da Idiagbon a 1984? Wani lokaci hoto ɗaya ya ja mu har magariba, don bayan sunan akwai aure, akwai saki, akwai rigimar gona da ban taɓa jin labarinta ba.

Akwai abin da na kusa yin kuskure a kansa. Na sa wani hoton matan gida a wurin kamu, ba mayafi, matar ƙanena ta gani kafin in tura ta ce a cire. Da gaskiyarta. Abin da ka ɗora, ma'aikatan da ba ka sani ba za su gan shi, littafin kuma a falo zai zauna, baƙo ya buɗe. Tun daga ranar, hoton mace ba ya shiga sai na tambaye ta.

Ban kuma yarda in mayar da shafin kamfanin rumbuna ba, ko da yake suna ajiye abin da ka ɗora. Shago shago ne, yana iya sauya hannu. Kodak ɗin nan da injiniyanta Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, ita ce ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a watan Janairun 2012, kuma a shekarar ta sayar wa kamfanin Shutterfly shafinta na wanke hoto ta intanet a kan dala miliyan 23.8, hotunan jama'a suka koma sabon gida. Takarda ma tana da nata maƙiyan, gara da laima da gobara. Shi ya sa na sa aka buga kwafi uku: ɗaya a akwatin Hajiya, ɗaya a wurina, ɗaya wurin ƙanwarmu da ke aure a Maraɗi.

Mai karatu, idan akwai sauran tsoho ko tsohuwa a gidanku, ɗauki albam da biro ka je wurinsu a makon nan, wankin hoton ya biyo baya. A namu littafin, shafi na 12, ƙarƙashin matan nan bakwai sunaye shida ne a rubuce. Gurbin ta uku daga hagu na bar shi fili, kuma na tura hoton ga dangin Baba na Zariya, har yau ina jiran amsa.