Kada Tsadar Makaranta Ta Ruɗe Mu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan aji shida masu shirin fita, da yawa cikinmu suna sha'awar karanta hulɗa tsakanin ƙasashe, domin su zama jakadu ko ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya. Buri ne mai kyau. Amma sai ka ji yaro ya ce in ba Ingila ko Amurka ba, shi ba ya karatu. Ni kam ban yarda da wannan ba.

Mu tuna da aljihun iyayenmu. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Uban da ya sayar da gona ya tura ɗansa waje, in kuɗi ya ƙare a shekara ta biyu, ga ɗa ba digiri, ga ƙanne a gida ba makaranta, ga gona ta tafi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Jami'o'in gwamnati kuwa ba abin raini ba ne. Ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande a Zariya ya yi digirinsa na farko a 1979, daga baya ya ƙaro ilimi a waje. A 2019 aka zaɓe shi shugaban Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Ashe tushe a gida ake kafa shi.

Saboda haka kafin ka cika takardar JAMB, zauna da iyayenka ku yi lissafin kuɗin makaranta, masauki, abinci da mota na shekara huɗu. Tabbatar cewa hukumar NUC ta amince da kwas ɗin. Tambayi malamai game da bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara bai wa ɗaliban makarantun gwamnati a 2024.

Sa'an nan ka riƙe Faransanci da kyau tun yanzu, gama da shi ake aikin gwamnati a Binin, Cadi da Kamaru. Ka saba da karanta jarida da shiga muhawara. Waɗannan ba sa cin kuɗi, amma su ne kayan aikin jakada.

Allah ya ba mu hikimar yin zaɓi nagari.