Teku Takan Ba Kifinta Hutu, Kogin Itas Fa?

Duk ɗan Arewan da ya yi damina ko da guda ɗaya ce a Ikko ya san cewa daga watan Yuni zuwa Satumba ɗanyen kifin teku yakan yi wuya a kasuwa. Masu sayar da abinci a Agege da Idi-Araba sai su koma ga kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, ko kuwa ga banda da manyan motoci ke saukewa daga Arewa. Mutane da yawa sukan ɗauki abin a kan tsadar damina ce kurum, su yi gunaguni su wuce. Alhali kuwa akwai darasi a ciki, kuma darasin ya fi shafar mutumin Itas da Gadau da Azare bisa ga mutumin Ikko.

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kilomita 850 ko sama da haka, tun daga Badagiri har wajen Kalaba. Da damina iskar kudu maso yamma takan yi ƙarfi, igiyar ruwa ta yi ta dukan gaɓa ba dare ba rana. Ruwan saman teku, wanda yake da ɗumi a watan Maris da Afrilu, yakan yi sanyi a Yuli da Agusta. Abin da ya fi ba mai kwalekwale tsoro shi ne ƙetare igiyar bakin gaɓa wajen fita da wajen komowa, gama a nan ne jirgi yakan kife. Saboda haka Ilaje da Egun da Ijo, mutanen da aka haifa a kan ruwa, da yawansu sukan rage fita teku. Wasu su koma su a tafkin Ikko da na Efe da ƙananan rafuka, wasu su zauna gyaran koma da jirgi. Kifin bonga kuwa, wanda yawancinsu suka dogara da shi, sai rani ya shiga ake samunsa da yawa. Watau teku da kanta takan kori masunta na ɗan lokaci, kifi ya sami sararin numfashi.

Duk da haka wannan kariya ba ta isa ba, tun da aka sami injin jirgi da manyan jiragen da ke jan taru a ƙarƙashin ruwa, waɗanda igiya ba ta hana su fita. Shi ya sa dokar kamun kifin teku ta 1992 ta hana irin waɗannan jirage yin su a cikin mil 5 na farko daga gaɓa, aka bar wurin ga masu kwalekwale. A Gana abin ya fi haka tsanani. Can watannin Yuli zuwa Satumba su ne kakar ƙaramin kifin nan mai kama da shawa, domin ruwan ƙasa mai sanyi yakan taso sama da abincinsa, kuma a lokacin ne yake ƙwai. Masuntan Gana sun gaji al'adar hutun ranar Talata daga kakanninsu, amma da kamu ya yi yawa kifin ya ja baya, har hukuma ta shiga rufe teku. A shekarar 2021 an hana masu kwalekwale fita duk watan Yuli, manyan jirage kuma Yuli da Agusta. To, in teku da girmanta da haukanta tana bukatar doka, ina ga kogin da yaro ke ƙetarewa da ƙafa da rani?

Itas ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Itas da Gadau a ƙasar Katagum, Jihar Bauci. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga duwatsun Jos da sunan Bunga, shi ya ratsa ƙasar, ya wuce ta garin Katagum, ya je ya haɗu da kogin Haɗeja su zama kogin Yobe. Rayuwar kifin wannan kogi a kan ambaliya take. In ruwa ya cika a Yuli da Agusta ya malala cikin fadama, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara sukan bi shi cikin ciyawa su saki ƙwai. 'Ya'yan su yi kiwo a nan wata biyu ko uku, in ruwa ya fara janyewa da kaka su gangaro kogi da tafkuna sun yi jiki. Abin da masunci zai kama daga Oktoba har ƙarshen rani, a cikin waɗannan 'yan makonni na damina ake shuka shi.

A daidai lokacin da teku ke korar masunta, kogin Itas a buɗe yake, ruwan fadama bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, kowa yana iya shiga. Uwar kifi mai ciki cike da ƙwai ita ta fi sauƙin kamu, domin a ƙaramin ruwa take. Bayanta kuma ga 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba, ana tace su da koma mai ƙananan idanu, wani lokaci har da gidan sauron da aka raba don maganin zazzaɓi. Da rani kuma a sami marar tsoron Allah ya zuba maganin ƙwari a tafki, ya kashe babba da yaro, ya sayar wa mutane guba. Wannan ɓarna ba a ƙasar Katagum kaɗai take ba, ana kukanta a koguna da yawa na Arewa. Amma kasancewar ta game ko'ina ba zai cika wa mutumin Itas kwando ba.

Mai karatu da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal yana iya cewa ina ruwansa, shi da rabonsa da riƙe birgi shekara goma. Ruwansa kuwa babba ne. Na ɗaya, kuɗin da ake sayen koma da kwalekwale a gida, da yawansa daga Kurmi ake aiko shi. Wanda ya aika wa ƙanensa kuɗin koma yana da ikon ya tambayi girman idonta. Na biyu, fataucin banda daga Arewa zuwa kasuwannin Ikko da Anaca da Inugu, 'yan Arewa ne a tsakiyarsa. Da damina, da kifin teku ya yi wuya, farashin banda sai ya hau, dillali ya aika gida a kawo ko wane iri ne. Watau hutun da teku ta ba kifinta, kogin gida ne yake biyan kuɗinsa. Ƙaramin kifin da aka ƙyafe aka cusa a kwali a watan Agusta, da an bar shi zuwa Disamba da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Falke ya ci ribar wata guda, ya ci jarin shekara mai zuwa.

Akwai masu cewa wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi. Agusta watan yunwa ne, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, ta yaya za a ce wa talaka ya ga kifi ya kau da kai? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma dokar da ba ta san da yunwa ba a takarda za ta tsaya. Amma ba wanda ya ce a hana magidanci jefa ƙugiya ya sami na miya. Abin da ake nema shi ne a ware wuraren da kowa ya san kifi yana ƙwai a cikinsu, a hana jan taru da ƙaramar koma a nan na mako shida ko takwas. Yawancin masuntan yankin manoma ne, lokacin nan suna gona. Mai asara shi ne mai tara ƙananan kifi don lodin mota, shi kuwa ba yunwa ce ta kawo shi ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ba ya yin armashi sai don ana tsare ruwan Matan Fada, ba a barin kowa ya yi su a wurin sai ranar da aka buɗe. Garuruwa da yawa suna da tafkin da ba a shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ta wajen hukuma ma, dokar kamun kifin koguna da tafkuna ta 1992 ta haramta guba da nakiya da koma mai ƙananan idanu, ta kuma ba da damar a rufe wani ruwa na wani lokaci. Doka tana nan, al'ada tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa a kansu.

Har ila yau, hutun kifi ba shi da amfani in babu ruwan da zai yi ƙwai a ciki. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda ambaliyar fadamarsu ta ragu bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Kogin Jama'are shi ne babban reshen da ya rage ba a datse ba, ko da yake an daɗe ana ta da maganar madatsar Kafin Zaki tun zamanin Shugaba Shagari. Duk ranar da maganar ta sake tasowa, wajibi ne a ji bakin masunta a kan yawan ruwan da za a riƙa saki da damina.

Ƙungiyoyin 'yan ƙasar Katagum da ke Kudu suna tara kuɗi don masallaci da makaranta da kai gawa gida, kuma sun cancanci yabo. Ya kamata su ƙara da wannan. Su rubuta wa ƙaramar hukuma da hakimai su nemi a zauna da sarakunan ruwa kafin ruwan bana ya cika, a sa ranar rufewa da ranar buɗewa, a yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a. Sarakunan Hausawa na zango-zango kuma su tara dillalan banda su yi alkawarin ƙin karɓar kifin da bai kai ba. In Ikko ta ƙi saye, ba wanda zai ɓata dare yana tace fadama a Itas. Allah ya sa masu abin su ji.